Tsohon Ogan da Sabon Ɗaki

A ɗauko bututu guda ɗaya daga cikin ogan, babban kayan kiɗan nan mai bututu da ake kaɗawa a coci, a ɗora shi a tafin hannu, a dube shi da kyau. Ba shi da ramukan da za a toshe da yatsu, ba shi da wata dabara a ɓoye. Ƙarfe ne mai laushi, gaurayen darma da kuza, an naɗe shi an liƙe gefensa. Gindinsa ya tsuke har ya ƙare da ɗan rami inda iska take shiga. Sama da gindin akwai tsaga a kwance, baki ke nan, da leɓen sama da na ƙasa. A ciki, daidai bakin, an gitta wani faifan ƙarfe da ya tare hanya, bai bar komai ba sai siririyar mafita. Iska ta taso daga gindi, ta matsu ta wannan mafita, ta fito a shimfiɗe ta doki leɓen sama, sai ta shiga kai da komo tsakanin ciki da waje, har iskar da ke cikin jikin bututun ta kama rawa. Haka sarewa take kuka. Sai dai mai sarewa yana juya murya da yatsunsa, shi kuwa wannan bututu da murya ɗaya aka ƙera shi, da ita kuma zai ƙare.

Tsawonsa ne yake yanke masa muryar. Buɗaɗɗen bututu mai tsawon ƙafa 8, wato kusan mita biyu da rabi, yana kaɗa iska kimanin sau 65 a cikin sakan guda, murya mai kauri da ake ji har a ƙirji. A raba tsawon biyu, kaɗawar ta ninka, muryar ta hau sama. A toshe kansa, muryar ta sauka kamar an ƙara masa tsawonsa guda. Idan ɗaki ya yi ɗumi muryar ta ɗan ɗaga, idan sanyi ya sauko ta ɗan kwanta, domin sauti ya fi sauri a iska mai zafi. Maƙeri bai kafa ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba. Ya tarar da su ne a cikin iska yadda Mahalicci ya tsara su, iyakarsa ya auna, ya yanka, ya bi.

Tunda kowane bututu magana ɗaya ya iya, sai an tara su da yawa kafin a sami waƙa. Ana jera su sahu-sahu a kan wani akwati da ake cika da iska, kowane sahu da irin amonsa: wani na ƙarfe mai haske, wani na katako mai taushi, wani kuma da ɗan harshen tagulla a ciki mai kakkaɓi. A cikin akwatin akwai ƙananan murafu da aka yi wa shimfiɗar fata. Mai kiɗa ya danna madanni a gaba, wani siririn tsinken katako ya ja wani, wannan ya juya wata sanda, sandar ta ja murfi ya buɗe, iska ta haye. Duk wannan tafiya a cikin ƙiftawar ido. Iskar kuwa daga zuga-zugi take zuwa, wanda a da mutum ne yake tsayawa a bayan ogan yana zuga shi da hannu har a tashi daga ibada, ba wanda yake ganinsa, yau kuma injin lantarki ne. Abin mamaki shi ne rashin ƙarfin iskar. A ƙaramin ogan, ƙarfinta bai wuce ya ɗaga ruwa inci uku a cikin tiyo ba. Da wannan ɗan numfashi ake cika ɗakin da yake cin mutum ɗari biyu.

Abin ya daɗe a duniya. Wani injiniya mai suna Ktesibios ne ya fara haɗa shi a Iskandariya ta Masar a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, yana amfani da nauyin ruwa wajen daidaita iskar. A shekarar 757 sarkin Rumawa na Kustantiniya ya aika wa Pepin sarkin Faransawa da guda ɗaya a matsayin kyautar sarakuna. A cocin Valère da ke garin Sion a Suwizalan akwai wanda aka ƙera a wajajen 1435, kuma har yau ana kaɗa shi. Mozart ya kira ogan sarkin kayan kiɗa. Amma wanda ya fi jan hankali a nan ba irin mai bututu dubu-dubu na manyan majami'u ba ne. Ƙaramin ne, na unguwa, mai jerin madannai ɗaya, irin wanda maƙeran Ingila suka yi ta ƙerawa a zamanin Sarauniya Victoria don ƙananan coci-coci.

Ɗaya daga cikin waɗannan maƙera shi ne Henry Jones na Landan. A wajajen 1880 ya ƙera wani mai bututu kusan 250. Gidansa na ƙarshe kafin labarin nan shi ne cocin Christ Church da ke Whetstone a arewacin Landan, wadda daga baya aka rufe ta. Irin wannan rufewa ta zama ruwan dare a Ingila: masu zuwa ibada sun ragu, kuɗin gyaran rufi ya gagara, sai a sayar da ginin a mai da shi gidajen haya ko ofis. Kujeru suna samun mai saye. Ogan kuwa an gina shi ne a inda yake tsaye, ba ya fita ta ƙofa a dunƙule, mai sayen gini kuma fili yake so. Da yawa a juji suke ƙarewa, a narka bututun don darmarsu, a ƙona katakon.

Tun kafin a kai ga juji ma, akwai wata mutuwar da take fara aiki a hankali. Mutum zai zaci ogan da aka rufe, ba mai taɓa shi, hutawa yake yi. Masu gyara sun san ba haka ba ne. Fatar zuga-zugin da ba ta buɗewa ba ta rufewa takan bushe ta sandare, ranar da aka hura ta sai ta tsage a kan lanƙwasa. Ƙura takan zauna a bakin bututu ta toshe mafitar nan, iskar da za ta kore ta kuwa ba ta zuwa. Raɓa ta shiga, katako ya kumbura, allunan da ake ja su liƙe. Tsatsa ta kama ƙananan ƙusoshi da wayoyi. Ɓera, wanda a da ƙara da jijjiga suke hana shi sakewa, ya shiga ya ci fata ya yi sheƙa da ulun shimfiɗa. Tsutsar katako ta yi ta huda ba wanda ya lura da garin da take zubarwa. Ga kuma babbar asarar: ba mai kiɗan da zai ce, yau madanni kaza ya yi nauyi. Ƙaramar matsalar da za a warware da ɗan yatsa sai ta shekara biyar tana girma. Kiɗa yana cinye ogan, gaskiya ne, amma a cikin shekaru masu yawa. Shiru ya fi shi gaggawa nesa ba kusa ba.

Idan Allah ya sa masu ceto suka riga masu rushe gini zuwa, aikin farko ba na ƙarfi ba ne. Hoto ake ɗauka, a yi zane, a rubuta lamba a jikin kowane tsinke da kowace sanda, domin abin da aka kwance a kwana biyu yana iya ɗaukar watanni kafin a mayar, kuma kowane bututu raminsa ɗaya ne tak. Galibi akan tarar maƙerin farko ya riga ya karce sunan sautin a jikin ƙarfen da tsinin wuƙa, sai a bi rubutunsa. Ana zare bututun ɗaya bayan ɗaya a kwantar da su a dogayen akwatuna, ba a ɗora babba a kan ƙarami, domin ƙarfen yana da laushin da babban yatsa ma zai iya lotsa shi. A nan ne ake gano abubuwan da ba a yi don ido ba: sa hannun wani ma'aikaci da fensir a cikin akwatin iska, tsohuwar jaridar da aka liƙe tsaga da ita, sunayen yaran da suka yi zuga suka sassaƙa a bayan allo don kashe lokaci. Akan kuma gano cewa wasu daga cikin kyawawan bututun gaba, masu fenti da ruwan zinariya, ado ne kawai, ba su taɓa yin magana ba. Masu aikin suna can baya cikin duhu.

A ma'aikata, sai a ɓare tsohuwar fata a sa sabuwa, jemammiyar fatar tunkiya, a fefe gefenta ta yi siriri don ta kwanta. Gam ɗin da masu mutunta tsohon aiki suke amfani da shi shi ne irin na da, wanda ake dafawa daga fata da ƙashi, a shafa shi da zafinsa. Akwai gam na zamani da ya fi sauƙin aiki. Dalilin guje masa shi ne, na dā yana sakewa idan aka sa masa ɗumi da laima, don haka wanda zai zo gyara bayan shekara saba'in zai iya ɓare aikin na yau ba tare da ya yagi katakon ba, kamar yadda na yau ya ɓare na 1880. Bututun da ya lotse a zura masa sandar katako mai daidai da cikinsa, a yi ta shafa har ya koma. Wanda ya tsage a liƙe shi da narkakkiyar darma. Wanda ya ɓata gaba ɗaya a ƙera madadinsa bisa awon maƙwabtansa biyu, na sama da na ƙasa, don ya shiga sahu ba a gane baƙo ne ba.

Duk wannan, da wahalarsa da tsadarsa, shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne samun gida. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Organ Clearing House, wadda Alan Laufman ya jagoranta shekaru masu yawa a baya, aikinta ke nan: haɗa ogan da ya rasa gida da ginin da yake nema. A birnin Wuppertal na Jamus wani kamfani mai suna Ladach ya mai da wata tsohuwar coci wurin ajiya da cinikin tsofaffin ogan. A Ingila akwai ƙungiyar agaji ta Pipe Up, wadda Martin Renshaw yake cikin jagororinta. Dukkansu sun san cewa ogan da yake kwance a akwatuna a sito, komai kyan gyaran da aka yi masa, ba a cece shi ba tukuna. An dai jinkirta masa juji.

Kuma ba kowane ɗaki ba ne gida. Rabin muryar ogan ɗakin ne. Bangon dutse da rufi mai tsayi suna riƙe sauti su dawo da shi a hankali, su rufe masa aibi, su ƙara masa kwarjini. Kafet da labule da kujeru masu katifa suna shanye shi. Ogan da aka daidaita don ya cika babban zaure, idan aka sa shi a ƙaramin ɗaki sai ya zama mai tsawa. Wanda aka yi wa ƙaramin ɗaki, a babban zaure sai a ji kamar yana raɗa. Shi bai sauya ba ko kaɗan. Saboda haka bayan an gama harhaɗawa sai mutum biyu su zauna aikin daidaita murya, ɗaya a kan madannai, ɗaya a ciki tsakanin bututun, su bi su ɗaya-ɗaya. Idan bututu ya cika ƙara, a ɗan tsuke ramin gindinsa don iska ta ragu. Idan ya yi rauni, a ɗan buɗe. Wannan gyara ne da za a iya warwarewa gobe. Akwai kuma wanda ba ya warwaruwa: a sa wuƙa a rage leɓen sama don bakin ya ƙara faɗi. Ƙarfen da aka yanke ya tafi, muryar da Henry Jones ko waninsa ya ji ya amince da ita ta tafi tare da shi. Gwanin kirki yakan daɗe yana sauraro kafin ya taɓa wuƙar, sau da yawa ma ya mayar da ita aljihu.

Da wuya mutum ya kalli wannan aiki bai tuna da wata ɗaukowar da muka saba gani ba. Maigida ya rasu a ƙauye, an yi sadakar arba'in, an gama takaba, 'ya'ya duk suna birni. Sai babban ɗa ya zo da mota ya ce, “Inna, zaman nan ya isa haka, ki zo mu tafi.” Niyyarsa kyakkyawa ce, ba shakka. An gyara mata ɗaki, an sa tayil da fanka da talabijin, ga banɗaki a ciki, abinci sau uku ba ta nema ba. Ta ɗauki tsintsiya, matar ɗan ta karɓe da ladabi: “Inna, ku bari, yarinya za ta yi.” Ta leƙa madafa, a ce hayaƙi zai dame ta. Ta ce a kawo jaririn ta yi masa wanka, a ce likita ya hana irin wancan. Kowa cewa yake, ta sha wahala, yanzu lokacin hutunta ne.

Wannan matar kuwa, wata shida da suka wuce, ita ce take auna hatsin da za a fitar daga rumbu, ita ta san akuyar da ta kusa haihuwa, ita ake kira in naƙuda ta zo wa maƙwabciya da tsakar dare, ita take zaunar da kishiyoyi biyu ta raba musu faɗa. Kullum akwai mai danna ta da wata bukata, ita kuma tana amsawa. Yanzu an gyara ta tsaf an ajiye. Bayan 'yan watanni sai a fara cewa Inna ta rage magana, ƙafa ta riƙe, ta fara mantuwa, kullum tana tambayar yaushe za a kai ta gida. A ɗora wa tsufa laifin duka. Tsufa yana da nasa kason, amma ai da tsufan nata take tashi da asuba tana ba dabbobi dusa. Haka yake faruwa da malamin makarantar da ya yi ritaya, ba wanda ya ƙara kawo masa takarda ya duba, da manomin da rikici ya kora zuwa sansani, ana ba shi abinci, hannunsa kuwa ba fartanya.

Maganar ɗaki ma tana nan. Muryar da ta saba kiran jika daga wancan ƙarshen tsakar gida, a cikin falo mai rufaffen taga sai ta zama kamar faɗa. Gyaran da take yi wa yara, wanda a ƙauye kowa yake ɗauka tarbiyya, a nan sai a ji shi katsalandan. Dole a ɗan daidaita, ita ma ta san da haka, domin sabon wuri yana da nasa awon. Tambayar ita ce da wane irin gyara. Ɗa yana iya zama da ita bayan sallar isha'i, su biyu, ya nuna mata yadda gidan yake tafiya, ya kuma ji nata. In bai yi daidai ba, gobe a sake. Yana kuma iya katse ta a gaban matarsa da 'ya'yansa da cewa, “Inna, nan fa ba ƙauye ba ne.” Za ta yi shiru, gidan ya sami lafiyar da ake nema, kuma ko ya shekara yana ba ta haƙuri ba za a ƙara jin waccan muryar yadda take ba.

Maƙeran ogan sun lura da wani abu kuma. Bututu biyu masu murya kusa da juna, idan aka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, sukan riƙa jan juna, kowanne ya hana ɗan'uwansa tsayawa a kan sautinsa. Ba laifin ko ɗaya ba ne, kusancin ne ya yi yawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa akan raba sahu gida biyu: sauti na farko a hagu, mai bi masa a dama, na uku ya koma hagu, haka har ƙarshe. Iska ɗaya suke sha daga akwati ɗaya, waƙa ɗaya suke yi, amma kowa da filin da bakinsa zai yi magana. Uwar miji da matar ɗa a kan tukunya ɗaya ba sa bukatar wa'azi mai tsawo kamar yadda suke bukatar a raba musu fili. Tuwon dare na wannan ne, damun fura da rakiyar yara makarantar allo na waccan, kuma a bar wa kowa nata da gaske, har da ikon yin sa yadda ta ga dama.

Shi dai ogan ɗin Henry Jones, gidan da ya samu ba wanda zai yi tsammaninsa. A 2022 ƙungiyar Pipe Up ta kafa shi a tashar jirgin ƙasa ta London Bridge, ɗaya daga cikin mafi cunkoso a Landan, a ƙarƙashin bakan ginin tubali, aka raɗa masa suna Henry. Ba kuɗi, ba neman izini: wanda ya ga dama ya kunna injin iska ya zauna ya kaɗa. A watan Satumba na shekarar, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth, fitacciyar makaɗiya Anna Lapwood ta tsaya tana kaɗa shi, sai wata mai gadin tashar ta matso, ashe ta taɓa koyon waƙa. Suka yi wata waƙar Handel tare, hoton bidiyon ya zaga duniya, miliyoyin mutane suka kalla.

Akwai abin da za a iya cewa a kan wannan gida, kuma ba maganar banza ba ce. Tasha wuri ne na ƙura da iska mai kaɗawa, sanyi da ɗumi suna sauyawa a yini guda, don haka sautin ba zai zauna daram kamar a rufaffen ɗaki ba. Sanarwar jirage tana katse waƙa. Yara suna dukan madannai da tafin hannu. Fatar da za ta daɗe a coci za ta gaji da wuri a nan. Wani lokaci ɗan tsakuwa ko mataccen ƙuda ya maƙale a ƙarƙashin murfi, bututu ɗaya ya kama kuka ba wanda ya danna shi, ya ƙi yin shiru sai an zo an buɗe akwatin an cire abin da ya tokare. Duk wanda ya sa tsohon abu a tsakiyar jama'a ya ɗaukar wa kansa zirga-zirga, kuma wannan zirga-zirgar ta fi biyan kuɗin sito wahala. Masu kula da Henry sun zaɓe ta da idonsu buɗe. Sai dai su riƙa zuwa da 'yan kayan aikinsu, su share ƙura, su saki madannin da ya liƙe, su saita bututun da ya kauce, sannan su matsa gefe don mai jiran jirgi na gaba ya zauna.